Motar da ta koma jaki a hanyar Tawa

Jama'a, kwana uku ina zagin gazuwal, ashe ba ruwanshi. Daga Ƙonni zuwa Tawa motata ta koma jaki: ka taka totur har ƙasa, sai baƙin hayaƙi a baya, da wani huci fuuu kamar kububuwa ta shige cikin inji. Har filtar iska na sake, a banza.

Da na kai gareji, tsohon makanikin bai ma taɓa turbo ba, wato na'urar da ke tura wa inji iska da ƙarfi. Ya leƙa intakula, wannan mai kama da ƙaramin radiyato, ya shafo baƙin mai a gefenta da yatsa, ya ce: "Alhaji, ga ɓarawonka nan."

Ashe turbo in ya matse iska sai ta yi zafi, ita intakula ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. In ta tsage, iska ta zurare, gazuwal ya yi wa inji yawa, shi ne hayaƙin.

Suka kwance intakular, suka toshe bakin ɗaya, suka hura iska ta ɗayan, yaronshi ya yayyafa ruwan Omo. Nan take kumfa ta taso a wata 'yar tsaga, ko tsawon farce ba ta kai ba! Na ce a liƙe da gam mu wuce. Ya harare ni: "Gam a zafin Tawa? Ko Badagishiri ba za ka kai ba."

Sai da aka wanke man ciki tas, sannan mai waldar alminiyam ya kama ta. Jiya na hau hanya, babu huci, babu hayaƙi. Kuɗin filtar nan dai har yanzu yana min ciwo.