Ranar da Kwamfuta Ta Ba Ni 0.06

Lokacin da nake haɗa kundin digirina na biyu, na yi makonni ina zagaya ƙauyukan fadama tsakanin Argungu da Augie, jaka cike da takardun tambayoyi. So nake in gano ko shiga ƙungiyar manoma na ƙara wa mutum yawan shinkafar da yake girbewa. Na dawo Birnin Kebbi na zuba amsoshin a SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, sai ga p ta fito 0.06. Ita p lamba ce da ke nuna yiwuwar samun sakamako irin nawa ko da shiga ƙungiyar ba ta ƙara komai. A aji kuwa an nuna mana 0.05 ce katanga, wanda ya haura ta ya yi aikin banza. Har raina ya fara raya mini in cire manoma biyu-uku ko lambar ta sauko.

Na kai wa malamina kuka, ya yi dariya ya ce, "Kai, 0.05 ɗin nan wahayi ce?"

Shi ya warware mini. Ronald Fisher, wanda ke lissafin amfanin gona a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, shi ya yaɗa lambar a 1925 don sauƙin aiki, a matsayin ma'aunin ƙarfin hujja. A 1933 Jerzy Neyman da Egon Pearson suka zo da tasu hanyar: ka tsayar da kuskuren da za ka iya jurewa tun kafin ka fita fili, sannan ka yanke hukunci. Fisher bai yarda ba, aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru. Abin da muke haddacewa dafa-duka ne na biyun. Mabiya masanin lissafi Thomas Bayes kuma gefe suke, suna cewa a fara da abin da aka riga aka sani.

Sannan malamin ya jawo takarduna ya ɗora yatsa kan tambaya ta huɗu: "Hekta nawa kake nomawa?" Gabana ya faɗi. Mutanen nan sun ɗauka sunayen rabon taki nake rubutawa, kowa sai ya faɗaɗa gonarsa. Da aka zo kan buhu kuma aka ƙanƙame, wani shanshera yake ƙirgawa, wani sai ya fitar da zakka da haƙƙin 'yan ƙwadago tukuna. Akwai dattijon da ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ke ƙirga arzikinsa gaban baƙo?" Na yi murmushi na rubuta ashirin, don abin da ɗansa ya raɗa mini ke nan.

Da noman rani ya kama na koma, wannan karon da igiyar awo, kuma sai da mai gari ya fara shelanta cewa ba taki na kawo ba.