Na Koma Koyon Rubutu da Girmana

Da girmana na koma koyon rubutu, kuma 'yata ce sila. Tana da shekara shida a lokacin, ta san haruffa sarai in dai a waya ne ko a kwamfuta. Ka ce ta nuna maka ɗ, za ta latsa shi ba gargada. Amma da zarar an ba ta fensir sai b da d su yi mata musaya, ɓ da ɗ kuwa ta sa musu ƙugiya duk inda hannunta ya faɗi. Da na karɓi fensirin don in nuna mata, sai na ji nawa hannun ma ya yi nauyi. Na daɗe ban yi wani abin kirki da biro ba in ban da sa hannu a takarda, sauran duk latse-latse ne. Ban cika rabin shafi ba wuyan hannuna ya fara ciwo. Daga nan muka ware ɗan lokaci kullum da yamma, ita da littafinta, ni da nawa.

Abin da na fara lura da shi shi ne, latsa harafi daban, rubuta shi daban. A kan madannai harafin na nan a shirye, motsin da zai fito da a shi ne dai zai fito da z. A takarda kuwa dole yaro ya san inda zai fara, inda zai karya kwana, da inda zai tsaya. Rikita b da d ɗin ma ba daƙiƙanci ba ne. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba gane abu ko ta wane ɓangare ya juyo. Kofi, ko mariƙinsa na dama ko na hagu, sunansa kofi. Haruffa ne suka zo suka ce a'a, in ka juya ni na zama wani. Ido shi kaɗai yakan daɗe bai karɓi wannan ba. Hannu ne ke raba gardama, domin b daga sama ake fara shi, a sauko da sanda sannan a yi masa ciki, d kuwa da cikin ake farawa kamar za a rubuta c, sannan a hau sama a sauko. Muka riƙa faɗin matakan da baki muna yi da hannu. Ba a jima ba sai na ga in ta yi kokwanto wajen karatu, yatsarta na motsi a kan teburi, tana rubuta harafin ba fensir don ta tuna wanne ne.

Littattafan nan masu haruffan ɗigo-ɗigo da yaro zai bi sawu, na ajiye su da wuri. Shafin yakan fito tsaf, iyaye su ji daɗi, amma in ka rufe littafin ka ba ta farar takarda sai ta tsaya tana kallonka. Daga baya na ci karo da binciken da ya yi mini bayanin abin da nake gani. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiana a Amurka, da abokiyar aikinta, sun gwada yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Suka koya musu haruffa ta hanya uku: latsawa a kwamfuta, bin sawu, da rubutawa da kansu a farar takarda. Sannan suka nuna musu haruffan suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sassan da manya ke amfani da su wajen karatu sun motsa sosai ne a kan haruffan da yaran suka rubuta da kansu. Dalilin da masu binciken suka kawo ya kwanta mini: yaro in ya rubuta a sau goma, goman nan kowanne da kamarsa, wani ya karkace, wani ya yi ƙaton ciki, kuma daga wannan bambancin ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da ya sa a ya zama a. Ashe munanan haruffan nan da muke saurin gogewa su ne ke yin aikin. Na daina barin abin gogewa a kusa da mu, na kuma hana kaina riƙe mata hannu.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma sun rage mana wahala. Ba mu bi haruffa daga a zuwa z ba, mun bi su gida-gida bisa motsin hannu: c, o, a, d, g tare, sannan l, i, t, u, sannan r, n, m, h, b. Masu ƙugiya suka zo bayan iyayensu sun zauna. Mun fara da manyan haruffa a takarda marar layi, hannu na tafiya tun daga kafaɗa, kafin mu matse cikin layi. Fensir mai kauri ya fi mata siriri. Kuma in ta fara murza ido ko ta danne fensir har bakinsa ya karye, mun tashi ke nan, ko da layi biyu muka yi.

Batun rubutun haɗe, wanda haruffan kalma ke jone da juna ba a ɗaga alƙalami, nan ne na ga mutane na zafafawa fiye da yadda hujja ta kai. Manhajar bai-ɗaya da yawancin jihohin Amurka suka ɗauka a 2010 ba ta sa shi ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har jihohi suka riƙa maido da shi ɗaya bayan ɗaya. Kalifoniya ta yi doka a 2023 cewa a koyar da shi daga aji 1 zuwa 6. Finland ta cire shi daga abin da ya zama dole a 2016, Faransa kuwa da shi yara ke fara rubutu. Duk ƙasashen nan yaransu na karatu. A fahimtata, hujja mai ƙarfi tana kan rubutu da hannu ne gaba ɗayansa, ba a kan sai an haɗe haruffan ba. Abin dariya ma, mai rubuta Larabci bai san wannan muhawara ba, domin shi rubutunsa a haɗe yake tun asali.

Duk da haka na koya wa 'yata rubutun haɗen, bayan haruffanta sun tsaya da ƙafarsu, kuma na ga amfani biyu. Tazarar da ke tsakanin kalmomi ta gyaru da kanta, tunda yanzu kalma dunƙule ɗaya ce, inda fensir ya tashi nan ta ƙare. Na biyu, ta iya karanta rubutun manya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1941 gwamnatin Nazi ta hana koyar da tsohon rubutun haɗen Jamusawa a makarantu, kuma yau Bajamushe da yawa in ka miƙa masa wasiƙar kakansa sai ya nemi mai karanta masa, alhali harshensa ne. Rubutu na iya ɓacewa cikin zuriya biyu ba tare da an ƙona takarda ko ɗaya ba.

Wani abu kuma da ban zata ba: biro kansa yana cikin masu laifi. Tawadarsa mai kauri ce, sai an danna shi an kuma tsayar da shi kusan a miƙe kafin ya ba da layi. Rubutun haɗe kuwa an tsara shi ne da alƙalamin da tawada ke zubowa da kanta. Da na koma alƙalami mai ruwan tawada, ciwon wuyan hannun ya ragu ƙwarai, haruffa suka riƙa kama juna ba tare da na tilasta musu ba.

Ni kuma a nawa ɓangaren sai abin ya wuce gyaran hannu, na faɗa khaɗɗi, wato fasahar ƙawata rubutun Larabci. Na samu malami, ya fere mini alƙalamin kara, ya tsaga bakinsa don tawada ta samu hanya, ya yanke shi a karkace. Darasin farko ɗigo ne kawai. Ka ɗora bakin alƙalami ka ja shi gwargwadon faɗinsa, ya ba ka ɗigo mai kusurwa huɗu. Da wannan ɗigon ake auna komai. Alifin salon rubutun da ake kira nasakhi wajen ɗigo biyar ne tsawonsa, na salon sulusi bakwai ko fiye, sauran haruffa kuma ana auna su da alifi da da'irar da ke kewaye shi. Tsarin ana jingina shi ga Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza, wanda ya rasu a 940. Ibn al-Bawwab, da ya rasu a 1022, ya tausasa shi ya ƙara masa kyau, kuma Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa a shekara ta 391 bayan Hijira yana nan a ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. Yanke bakin alƙalami a karkace ɗin nan da malamina ya yi, Yaƙut al-Musta'asimi, wanda ya rasu a 1298, ake danganta wa. Wato abin da ke hannuna, da yadda nake auna layi da shi, mutane sun yi shekara fiye da dubu suna gyara shi.

Na daɗe a kan alifi har na ƙosa. Na ce, "Malam, sai yaushe za mu wuce nan?" Ya duba shafin ya ce, "Sai ranar da ka jera goma suka zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya." Layi ne fa guda daga sama zuwa ƙasa. Amma yana da ɗan karkata, yana da inda yake kauri da inda yake sirancewa, kuma in ka ja numfashi a tsakiyarsa sai ya nuna. Nan na gane me ya sa masu khaɗɗi ke riƙe numfashi in za su ja dogon layi. Na kuma gane cewa ido ake horarwa kafin hannu. Malam kan sa ni in zauna in kalli harafi ɗaya na gwanaye, in auna shi da ɗigo, in faɗi inda nawa ya saɓa, kafin in sake tsoma alƙalami. Da tafiya ta yi nisa sai na daina kallon baƙin tawada kaɗai, na fara ganin farin da ke cikin harafi da tsakanin haruffa. Kyan shafi yawanci a wannan farin yake. Yanzu ko allon talla na gani a hanya sai na ga inda aka matse haruffa da inda aka bar musu giɓi, kuma ban ce wannan ni'ima ce zalla ba, domin abin da da ba ya damuna yanzu yana damuna.

Kada wani ya ɗauka khaɗɗi zai gyara masa rubutun yau da kullum kai tsaye. Bai gyara nawa ba. Khaɗɗi aiki ne na sannu, kalma ɗaya na iya cin minti da yawa, rubutun ofis kuwa gudu yake so. Abin da ya gyara mini boko shi ne salon italik, wanda marubutan Italiya suka fito da shi, Ludovico degli Arrighi ya buga ɗan littafin koyar da shi a 1522. Haruffansa sirara ne, sun ɗan kwanta dama, suna haɗewa inda haɗin ya zo da sauƙi, su rabu inda bai zo ba. Ba shi da lanƙwashe-lanƙwashen ado, shi ya sa ko an yi sauri ba ya wargajewa. Gudummawar khaɗɗi ita ce idon da ya ba ni na ganin inda rubutuna ke lalacewa.

A wurin aiki na koma shiga taro da littafi. Da, in ina da kwamfuta a gabana, nakan kwashe kusan duk abin da aka faɗa, in fito da shafuka cike, kaina wayam. Hannu ba ya iya wannan gudun, dole in saurara, in zaɓa, in taƙaita da kalmomina. Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun ba da rahoton irin wannan a 2014: ɗaliban da suka ɗauki darasi da kwamfuta sun fi kwafe magana kalma da kalma, kuma sun fi rauni a tambayoyin da ke neman fahimta. Sai dai da wasu suka maimaita gwajin a 2019, bambancin da suka samu kaɗan ne. Haka binciken da aka yi ta yayatawa daga Trondheim a Norway a 2024, inda aka sa wa ɗalibai 36 hula mai na'urori 256 aka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi aiki tare lokacin rubutu da hannu. An ga hakan, amma ɗaliban da yatsa ɗaya aka sa su latsa madannai, kuma ba a auna ko sun fi koyon wani abu ba. Don haka in na ji ana cewa kimiyya ta tabbatar alƙalami ya fi kwamfuta a komai, nakan yi shiru. Ga ƙaramin yaro mai koyon haruffa, hujjar na da ƙarfi. Ga babba, ina jin sirrin yana cikin jinkirin da ke tilasta maka tunani, kuma mai ladabin kansa zai iya yin haka ko da madannai. Ni dai ba ni da wannan ladabin, shi ya sa littafi ya fi mini.

Akwai abin da nake ƙi ƙwarai, wato auna basirar yaro da kyan rubutunsa. Wasu yaran suna da matsala ta musamman wajen sarrafa hannu, su yi iya ƙoƙarinsu rubutun ya ƙi, alhali in ka tambaye su da baki za su ba ka mamaki. Irin wannan yaro taimako yake bukata, wani lokacin ma kwamfutar ce mafitarsa. Bahago kuma a bar shi da hagunsa, a karkata masa takarda zuwa dama, ya riƙe fensir ɗan nesa da baki don ya ga abin da yake rubutawa kuma kada gefen hannunsa ya shafe shi. Sa yaro ya rubuta jimla ɗaya sau ɗari a matsayin horo kuwa, ban san hanyar da ta fi ta saurin sa shi ya tsani alƙalami ba.

Abin da nake nema wa 'yata shi ne rubutun da zai karantu, wanda kuma zai fito ba tare da ta tsaya tunanin yadda ake yin harafi ba, domin muddin hankalinta na kan siffar g, ba ya kan abin da take son faɗa. Ta kusa kai wa nan. In ta kai, zan zaunar da ita ta koyi madannai da yatsu goma yadda ya kamata, don shi ma koyonsa ake yi, kuma jarrabawa da aiki za su neme shi a wurinta. Khaɗɗi kuwa ban ce mata komai a kai ba. Ta dai fara tambayata me ya sa alƙalamina ke ƙara in ina ja, na ce mata kara ne a kan takarda mai santsi, in tana so ta gwada sai ta bari in fere mata nata, domin wuƙar ba ta yara ba ce.