Tara kayan The Exorcist: yadda ake gane na asali da yadda ake adana shi

Fim ɗin The Exorcist ya fito a Amurka ranar 26 ga Disamba, 1973. William Friedkin ne ya ba da umarni, an kuma ɗauko labarin daga littafin William Peter Blatty na 1971: shaiɗani ya shiga jikin wata yarinya mai suna Regan, limaman coci biyu suka zo fitar da shi. Kayan da masu tarawa ke bi kashi biyu ne. Akwai abin da kamfanin Warner Bros. ya buga don tallar fim ɗin a wancan lokaci, akwai kuma abin da aka ƙera daga baya don masoya. Kashin farko shi ne mai tsada, kuma nan 'yan damfara suka yi sansani.

Fosta ita ce uwa-uba. Hoton da kowa ya sani aikin Bill Gold ne, mai tsara fostocin fina-finai: Fada Merrin, ɗaya daga cikin limaman biyu, tsaye da hula da jaka kusa da fitilar titi, haske na zubo masa daga tagar bene. Kafin ka yi ciniki, ka sa mai sayarwa ya ɗora abin awo a kanta ya ɗauko maka hoto. Babbar fostar silima ta Amurka a shekarun 1970 inci 27 ce a faɗi, 41 a tsawo, wato kusan santimita 69 da 104. In ka ji 24 da 36, ta shagon ƙawata ɗaki ce. In ka ji 27 da 40, bugun baya ne, irin na shekarar 2000 da aka sake sakin fim ɗin da ƙarin wasu fitowa. Inci ɗayan nan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Sai ninki. A zamanin, galibi a ninke ake aika fosta gidajen silima, ninki ɗaya a tsaye, uku a kwance, don haka layin ninki ba aibi ba ne. Masu jabu sun san da haka, wasunsu kuma tsohuwar fosta suke ɗauka a hoto su sake bugawa, har layin ninkin ya fito a bugun. Juya ta baya. Ninkin gaskiya yana nan gaba da baya, yatsa ma zai ji shi. Na jabu zane ne a fuska kawai, bayan sumul. Bayan ta asali fari ne, domin bugun gaba da baya sai wajen ƙarshen shekarun 1980 ya fara yaɗuwa.

A gefen ƙasa akwai ƙananan rubutu da lambar National Screen Service, kamfanin da ke raba kayan talla ga silima a wancan lokaci: lambobi biyu na shekara, karkataccen layi (/), sai lambar fim. In harafin R ya zo a gaba, fostar ta sake saki ce. Ka duba rubutun nan da gilashin masu gyaran agogo mai ninka girma sau 10. A ta asali bakin kowane harafi tsaf yake, launin hoto kuma ɗige-ɗige ne a jere. A kwafi haruffan sun yi dishi-dishi, launin kuma kamar an watsa gari.

Wanda aljihunsa bai kai fosta ba ya fara da katunan da ake kafewa a zauren silima, masu inci 11 da 14, takwas a saiti. Cikakken saiti ya fi daraja a kan a tsinto su ɗai-ɗai. Ramin fil a kusurwa ba abin damuwa ba ne. Salatif da ya yi rawaya ya ci takarda shi ne matsala.

Kaset ma yana da nasa labarin. A Ingila fim ɗin ya fita a bidiyo tun farkon shekarun 1980, sai dokar tace bidiyo ta 1984 ta zo, aka janye shi daga shaguna a 1988, bai samu izini ba sai 1999. Shi ya sa ake neman kaset ɗin farkon nan, wanda babu tambarin shekaru na hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, a kwalinsa. Leƙa ta tagar kaset ɗin: in ka ga fari-fari kamar auduga a kan zaren, fumfuna ce, kada ka saka shi a na'ura, zai shafa wa sauran.

Hotuna masu sa hannun mutanen fim ɗin kuwa sai an yi taka-tsantsan. Blatty ya rasu a 2017, Max von Sydow, wanda ya fito a matsayin Fada Merrin, a 2020, Friedkin a 2023, kuma da mai sa hannu ya rasu kasuwar jabu take buɗewa. Karkata hoton a gaban haske: tawadar alƙalami tana zaune a saman takarda da ƙyallinta daban, wadda aka buga tare da hoto kuwa ta saje da shi. Takardar shaidar da mai kaya ya rubuta wa kansa ba ta da wani amfani. Ta kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA, ko Beckett, ko JSA tana da lambar da za ka bincika a shafinsu.

Mutum-mutumin Regan na roba, irin na kamfanonin NECA da Mezco da Funko, sabbin kaya ne masu lasisi, kuma kwali ne rabin darajarsu. Na jabu yakan tona kansa da fenti da ya zarce layi, da rashin sunan Warner Bros. a jikin kwalin. Akwai kuma kwafin gunkin Pazuzu, shaiɗanin da ke cikin fim ɗin, wanda asalinsa na mutanen Mesofotamiya ne na dā. Da yawa daga cikinmu ba za su ajiye irin wannan a gida ba, kuma mai tsayawa a kan takarda da kaset bai yi asarar komai ba, don dama can su ne masu tarihi.

Adanawa ce ke kayar da mutane, musamman a yanayi irin namu. Zafin bazara yana sa man da ke cikin roba ya tsatso, kayan su yi danƙo, ƙura ta manne. Kwalin da aka rufe ruf a ɗaki mai rufin kwano ya fi saurin jawo haka. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi ya isa wanki, ban da fetur ko sinadarin goge farce, za su kwashe fentin. Mai magana ko motsi a cire masa batir, in ba haka ba ya zube ya cinye waya. Fuskar roba ta Regan a cusa mata takarda mara tawada ta riƙe siffarta, a nisanta ta da rana da man shafawa, domin su ke sa ta bushe ta tsattsage.

Ita takarda, danshin damina da gara ne abokan gabarta. Danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ya fi dacewa da ita. A shimfiɗe ake ajiye fosta, cikin leda mara asid, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsar ruwa, kuma a daina buɗe ninkin ana mayarwa, a mahaɗar layukan take fara hujewa. In za a saka ta a firam, a bar 'yar tazara tsakaninta da gilashi, don ranar da laima ta shiga, launin zai manne da gilashin ya baro takardar. Kada a kai ta wurin masu laminetin ko da wasa: ledar ba ta ɓantaruwa, kuma masu saye ba sa taya fostar da aka yi wa haka.