Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙungiyar da Ba Ta da Ganga

Makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗora mini laifin abin da ya faru a dandalin baje kolin nan na jihar Kentaki a Amurka, aka ce mai bas ne ya saki taki. Yaya ta kira ni ta ce in bar maganar haka nan, ta wuce. Ban bari ba. Sai dai kafin in koma kanta dole in shimfiɗa yadda kiɗan bulugiras, wani kiɗan karkarar Amurka, yake tafiya, don wanda bai san tsarinsa ba zai ɗauka mitar tsufa ce kawai.

Ƙungiyar bulugiras ba ta da ganga. Kayan tsirkiya ne zalla, galibi biyar: gogen Turawa, banjo mai tsirkiya 5, mandolin mai tsirkiya 8 da aka jera bibbiyu, jita, sai bas, babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Tsarin ya zauna ne a ƙarshen 1945, lokacin da Earl Scruggs ya shigo ƙungiyar Bill Monroe da salonsa na kaɗa banjo da yatsu uku, Lester Flatt yana jita, Chubby Wise yana goge. Tunda babu ganga, aikinta aka yanka aka raba. Kowace gaɓa ƙirge huɗu ce. Bas yana buga 1 da 3, yana kai da komo tsakanin tushen sautin da na biyar ɗinsa. Mandolin yana sara a 2 da 4: ka danne tsirkiyoyin, ka buga, ka sassauta yatsu nan take don sautin ya mutu, ya fito "cak" kamar an sare kara. Jita tana ɗinke tsakaninsu, tsirkiya mai kauri tare da bas, sharɓa tare da mandolin. Idan bas da mandolin suka haɗe, ka ji kamar mata biyu suna lugude a turmi guda. Idan ɗaya ya riga, taɓarya ta bugi taɓarya.

Kiɗan goge irin wanda muke yi ba shi da waƙa, kari ne kawai, kuma yawancinsa ƙirarsa ɗaya. Ɓangare na farko gaɓa 8, a maimaita. Ɓangare na biyu gaɓa 8, a maimaita. Jimla gaɓa 32, shi ne zagaye ɗaya. Mai goge ya ɗauki zagayen farko, ya miƙa wa banjo, banjo ya miƙa wa mandolin, haka har a dawo wa goge ya rufe. Idan ana tafiya a bugun bas 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 32 ne cif, kuma mai rabon, wato wanda zagayen yake hannunsa, yana fitar da sauti huɗu a kowane bugu, wato takwas a daƙiƙa. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo gare shi.

Mai goge ne yake yanke gudun, ba da baki ba. Yana goga tsirkiya biyu a tare, doguwa ɗaya gajeru biyu, doguwa ɗaya gajeru biyu, kafin karin ya shigo. Su can Amurka "dankali" suke ce wa wannan buɗewar. Dankalin nan alkawari ne. Abin da ya gogo shi za a ci har ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya gogo dankali da gudun da zai iya a sashe mai sauƙi, ya manta akwai gangara a gaba. Ƙa'idar ita ce ka raira gaɓa mafi wuya a zuciyarka tukuna, daga ita ka ɗauko gudun.

Kawu kan ce sauri ya haifi nawa. Yakan faɗe ta ne yana shafa ƙaro a tsagiyar gogensa a bayan gida, tunda Baba bai taɓa yarda a shigo da goge zaurenmu ba. A lokacin na ɗauka da rashin haƙurina yake, ashe da kiɗa yake. Daga baya na ji cewa shi ma Monroe, wanda aka haifa a Rosine ta Kentaki a 1911, wajen kawunsa ya koya, ɗan'uwan mahaifiyarsa Pendleton Vandiver, yana bin sa wuraren rawa yana raka shi da jita. Ya kuma raka wani baƙar fata, Arnold Shultz, wanda ake danganta masa ɗanɗanon bulus, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, da ke cikin kiɗan Monroe. Raka wani shi ne makarantar. Wanda bai taɓa raka wani na awa uku ba, bai san nauyin taki ba.

To me ke sa ƙungiya ta yi ta ƙara gudu ba da niyya ba? Mutane suna cewa zumuɗi ne. Ni na ce tsoro ya fi yawa. Mutum ya hango gaɓar da ke ba shi wuya, jikinsa ya sandare, sai ya auka mata don ya wuce da wuri. Abin da yake fara ci shi ne dogayen sautuka: wanda ya kamata ya cika bugu guda sai a gutsure masa wutsiya, a shiga na gaba kafin lokaci. Gutsure kaɗan ne, kunne ba ya kamawa a gaɓa ɗaya, amma a gaɓa 32 ya taru. Sai wurin miƙa rabo. Mai karɓa yana da 'yan sautuka biyu ko uku na shiga kafin ƙirge na 1, kuma da yake yana matsowa gaban makirfo yana ɗoki, sai ya jefa su da wuri. Kowa ya bi shi, don ladabin kiɗan shi ne a bi mai rabo. Zagaye shida, kowane mai karɓa ya ƙara bugu biyu ko uku, an tashi daga 116 an kai 130. Mai jita, wanda shi ne ƙarshe kuma kayansa ya fi kowa nauyin hannu, shi ke gadon bashin.

Akwai wani rami da sabbin ƙungiyoyi ba sa gani. Lokacin da mandolin ya karɓi rabo, sara ta ɓace. Dole wani ya ɗauke ta a daidai gaɓar, ko mai banjo ya daina mirgina yatsu ya koma danne-saki a 2 da 4, ko mai goge ya riƙa dasa baka kusa da hannunsa yana kartawa. Idan ba wanda ya ɗauka, bas ya zama gwauro, yana buga 1 da 3 ba mai amsa masa.

Abin da ya faru ranar ke nan. Mai banjonmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba don 'ya'yansa suna gaishe ni, ya ci gaba da mirgina banjonsa a bayan mandolin da ƙarfi. Mirginar banjo kuwa uku-uku-biyu take rarraba sautuka takwas, tana da tura ta kanta, kamar akuya mai jan igiya. Mai bas a irin wannan hali zaɓinsa biyu. Ya tsaya a kan dankalin da aka yi alkawari, ƙungiya ta rabe biyu a gaban jama'a. Ko ya bi su, daga baya a ce shi ya saki. Na bi. Na ɗan zauna a bayan bugun ina ja, amma mutum ɗaya ba ya riƙe huɗu.

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai bambanci tsakanin gudu da tura. Ƙungiya mai kyau tana buga gaban bugun, kowa ya ɗan jingina gaba, ka ji kamar za a zube amma agogo bai motsa ba. Wannan shi ake nema, kuma mai banjo da ya ƙware shi ke samar da shi. Hanyar gane wanne kake yi ba ta da wuya. Ka ɗauki sautin atisaye, ka auna zagayen farko da na ƙarshe. Idan na farko daƙiƙa 32 ne, na ƙarshe 29, ka gudu. Maganinsa agogon taki, na'urar nan mai ƙyasa bugu daidai wa daida, amma ba yadda ake sa shi ba. Ka saita shi ya riƙa ƙyasawa a 2 da 4, ya zama mandolinka, kai ka nemo 1 da kanka. In ka zauna, rage shi ya buga sau ɗaya a gaɓa. Ranar farko za ka rantse na'urar ce ta lalace. Sannan a tsaya kusa da juna. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, kowace mita jinkiri ce ƙarama, kuma mutum biyar da suka miƙe a layi ɗaya a faffaɗan dandali kowa tsohon labari yake ji. Shi ya sa masu da suke kewaye makirfo guda, kafaɗa da kafaɗa.

Maganar ƙirƙira a cikin rabo kuwa, a nan ne yara suke ɓata. Suna haddace jerin gwaninta na maɓallin G, su zuba shi a kan kowane kari, har ka kasa sanin wane ake kaɗawa. Kari shi ne mai gida. Tunda kowane ɓangare sau biyu yake zuwa, ka kaɗa shi tsaf a karon farko, a na biyu ka yi wasa. Ko a wasan ma, gaɓa biyu na farko ka bar su kusa da asali don kunne ya gane hanya, ka yi yawonka a tsakiya, ka sauka a kan tushen sauti a gaɓa ta 8, a kan lokaci. Kayan wasan ba su da yawa: ka zagaye sautin kari daga sama ko ƙasa, ka sassauto da na uku ko na bakwai don ɗanɗanon bulus, ka haɗa tsirkiya biyu, ka ɗaga jimlar zuwa sama, ko ka yi shiru na bugu guda. Shirun ya fi ba su tsoro.

Kowane kari da tarkonsa. Old Joe Clark a maɓallin A yake, amma yana sauka a kan G, don haka wanda ya zubo masa jerin A na makaranta zai ji sautin bakwai ya yi karo. Mai banjo zai ɗaura kapo, matsen da ke ɗaga sautin tsirkiyoyi, a mataki na 2, ya ɗaga gajeriyar tsirkiyarsa ta biyar ita ma, in ya manta da ita za ta yi ta kuka a G. Blackberry Blossom kuma a ɓangaren farko haɗin sautinsa yana sauyawa sau biyu a gaɓa, sai ɓangare na biyu ya faɗa E mai sanyi ya zauna a can. Bayan wahalar farko mutane sukan saki jiki a nan, wasu su zabura, wasu su yi nawa. Masu jita da mandolin su lura da hannun dama: ƙasa a kan ƙirge, sama a tsakani, ba fashi. Da zarar hannun ya juye, nauyin jimlar ya koma inda bai dace ba.

Banjo ma bai fara da iya bin karin goge sauti da sauti ba. Salon Scruggs ɓoye karin yake a cikin mirgina. Bill Keith ne ya shahara da salon da ke fitar da kowane sauti, ya shiga ƙungiyar Monroe a 1963, har Monroe ya riƙa kiran sa Brad don kada a yi Bill biyu. Doc Watson na Karolina ta Arewa, makaho, ya koyi kaɗa karin goge a jita ne saboda ƙungiyar rawar da yake ciki ba ta da mai goge. Duk saurin hannunsu, saurara ka ji, karin yana nan zaune daram.

Shekaru sun shuɗe bayan baje kolin da ba ni da abin faɗa a kansu. Na yi aiki, na yi jinya, Kawu ya rasu ban samu jana'iza ba, an ce gogen ma ba a san inda ya shiga ba. Sauri ya haifi nawa. Ranar baje kolin, da muka kai zagayen jita yaron da ke kaɗa ta ya kasa, hannunsa ya ƙage a tsakiyar ɓangare na biyu, dole mai goge ya ɗaga ƙafa tun kafin lokaci, alamar a rufe. Muka rufe a hargitse, kowa da nasa ƙarshen. A mota aka ce bas ne. Faifan ranar yana wurina har yau, na auna shi ya fi sau goma, kuma a zagayen mandolin gudun ya fara hawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwanmu taron masu goge na Galax a Bajiniya, da yadda Yaya ta gano abin da nake yi da ranakun Asabar.