Gudun da aka rubuta a kwalin bindigar iska, da abin da takardar saiti ke nunawa

Kamfanonin bindigar iska suna son rubuta gudu a jikin kwali da manyan lambobi: ƙafa 1,200 a daƙiƙa, wato kusan mita 365. Wannan ya fi gudun sauti, wanda yake mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana kan digiri 20. Da sanyin safiyar hunturu a Jos, lokacin da ma'auni ya sauka zuwa digiri 10, sautin ma mita 337 yake yi, kenan ƙetare shi ya ƙara sauƙi. Sai dai ga mai son ƙwaya, wato ɗan harsashin bindigar iska, ta faɗa inda ya auna, wannan gudu asara ne.

Harsashin babbar bindiga, irin .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor, dogo ne mai tsini, yana fita da sama da mita 800 a daƙiƙa, kuma duk dabarar masu haɗa nasu harsashi a Amurka ita ce ya isa abin hari kafin gudunsa ya sauko kusa da na sauti. A nan Najeriya wannan ƙofa a rufe take, domin dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya haɗa harsashi a gida ba, ita kanta bindigar iskar sai da lasisin 'yan sanda. Abin da ke hannun maharbi shi ne zaɓen ƙwaya.

Ita kuwa ƙwayar dalma ƙirarta daban: kai mai nauyi, ƙugu siriri, gindi buɗaɗɗe kamar siket. Iska ce ke jan siket ɗin baya ta miƙar da kan. Idan ta fita da gudun da ya wuce sauti, jan ya yi yawa, cikin 'yan mitoci ta sake faɗowa ƙasa da shi, a wannan tsakanin ne take rawa, ramukan takarda su warwatse. Shi ya sa bindigar gasar mita 10 ta Olamfik ba ta kai ko mita 200 a daƙiƙa ba.

Lambar kwalin ma da ƙwaya marar dalma ake samo ta, mai nauyin kusan giram 0.35. A gudun mita 365 a daƙiƙa ƙarfinta jul 23 ne, jul shi ne ma'aunin ƙarfin. Ka ba ƙwayar giram 0.67, irin JSB Exact Heavy, wannan ƙarfin, gudun zai dawo wajen mita 265: ƙarar bulala da ƙetare sauti ke sawa ta tafi, iskar gefe ta rage tasiri a kanta. Tsakanin 240 da 280 ne wurin da ya fi daɗi. Idan bindigar tana da ƙarfi haka, ni a ganina gara tun farko a sayi mai bakin milimita 5.5 maimakon 4.5, a ba ta ƙwayar giram 0.93 ko 1.03.

Gwajin ƙwayar da ta dace ba wuya. Ɗaure sukurorin jikin katako da na madubin hange tukuna, domin rabin abin da ake ɗora wa ƙwaya sukuru ne ya kwance. Goge bututu, sannan ka harba kamar ashirin da irin da za ka gwada kafin ka fara lissafi. Kafa takarda a mita 25, bayanta tudun ƙasa ko buhunan yashi. Dutse yana maido da ƙwaya, kuma Jos ba ta rasa dutse ba. Harbi goma kowane iri, harbi biyar kaɗai yana ruɗi. Mai sifirin, wato wadda sifirin ke tura fistin ya matsa iska, kada a matse ta: ɗora ta a buɗaɗɗen tafi, wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta. Duba gefen gwangwanin ƙwaya ma, za ka ga 4.50 ko 4.51 ko 4.52, faɗin kan ƙwayar kenan, wani bututun ɗaya kaɗai yake so. Duk mai lanƙwasasshen siket a ware ta. Mai sikelin da ke auna giram 0.01 yana iya raba gwangwani kashi-kashi, amma a mita 25 da kyar a ga ribar wahalar.

Tudun Jos ya haura mita 1,200, iskarsa ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi goma cikin ɗari. Mai sifirin iskar da ke kewaye take matsawa, don haka ƙarfinta yakan ragu a nan, saitin da aka yi a Legas ko Abuja sai an sake shi. Mai tankin da ake cikawa da matsattsiyar iska ba ta cika damuwa ba.

Idan ka ji ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi na fita, ba ƙarfi ba ne, mai ne ya kama wuta a gaban fistin. Man keken ɗinki ko na inji a ramin iska ke jawo haka, yana ƙone robar fistin, yana karya sifirin. Harbi ba ƙwaya a ciki shi ma ɓarna yake yi, domin fistin ya rasa iskar da za ta tare shi, ya daki ƙarfe kai tsaye. Ƙwaya mai sauƙi ƙwarai kusan hakan take yi a hankali. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, dalma guba ce.