Shin Red Dead Redemption 2 Ya Kamo Ƙafar Na Farko?

A watan Mayun 2010 kamfanin Rockstar ya fitar da wasan gem mai suna Red Dead Redemption a kan na'urorin PlayStation 3 da Xbox 360, kuma kafin shekarar ta ƙare wasan ya kwashi kyaututtukan gwarzon wasan shekara a wurare da dama. Sai da aka yi shekara takwas ana jira kafin na biyu ya fito, ranar 26 ga Oktoban 2018, inda kamfanin ya sanar da cewa ya yi cinikin dala miliyan 725 a cikin kwana uku na farko. Wannan ciniki ba shaida ba ce ta inganci, domin waɗanda suka yi rububin saye a waɗannan kwanaki sunan na farko suka bi. Mu a nan Gusau labarin wasan ya riga faifansa isowa da nisa, saboda sai da PlayStation 4 na hannu ya yi sauƙi a kasuwa sannan yawancinmu muka samu damar taɓa shi. A ganina na biyu ya kamo ƙafar na farko har ya wuce shi, kuma babban dalilina shi ne yadda ya shigar da mai wasa tsakiyar gungun 'yan fashi ya sa shi ya ga ɓarnar da hannunsa ya yi. Wanda bai gama wasannin ba ya sani cewa zan faɗi yadda labaransu suka ƙare.

Labarin na farko yana faruwa ne a 1911, lokacin da layin dogo da wayar tarho da ikon gwamnati suka riga suka ci yammacin Amurka. John Marston tsohon ɗan fashi ne da ya ajiye bindiga ya koma gona, sai jami'an gwamnati ƙarƙashin Edgar Ross suka tsare matarsa Abigail da ɗansa Jack, suka ce ba zai sake ganinsu ba sai ya farauto tsofaffin abokan fashinsa, wato Bill Williamson da Javier Escuella da uban dabar, Dutch van der Linde. Farautar ta kai shi har ƙasar Meziko a tsakiyar juyin juya hali. Da ya gama aikin aka mayar masa da iyalinsa, wasan ya bar shi ya kora shanu, ya koya wa ɗansa farauta, har mai wasa ya saki jiki. Daga nan Ross ya zo da sojoji. John ya ɗora matarsa da ɗansa a kan doki ya fitar da su ta bayan barga, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya fuskanci jerin bindigogi shi kaɗai. Wasan yana ba ka damar ka harba, amma harsashinka ba zai taɓa isa ba. Wannan ƙarshe shi ne abin da mutane suka riƙe shekara takwas, shi ne kuma dutsen da aka ɗora wa na biyu a ka.

Masu rubuta na biyu sun koma baya maimakon su ci gaba. Labarin ya fara a 1899, shekara goma sha biyu kafin na farko, bayan fashin wani jirgin ruwa a garin Blackwater ya ɓaci wa Dutch da mutanensa, suka gudu cikin duwatsu a tsakiyar dusar ƙanƙara. Jarumin shi ne Arthur Morgan, na hannun daman Dutch, wanda ya taso a hannunsa tun yana saurayi. Duk wanda ya buga na farko ya san dabar za ta watse, ya san Dutch zai lalace, ya kuma lura cewa ba a taɓa ambaton sunan Arthur a can ba. Saboda haka babu zullumin abin da zai faru, sai dai zullumin yadda zai faru, kuma wannan ya fi wuyar rubutawa.

Inda aka fi zuba fasaha shi ne sansanin dabar. Mutum fiye da ashirin ne a ciki, maza da mata da ƙaramin yaro ɗaya, kuma kowa yana harkarsa ko kana kallo ko ba ka kallo. Pearson yana bakin tukunya yana ƙorafin nama ya ƙare, Susan Grimshaw tana yi wa 'yan mata faɗa a kan wanki, dattijo Hosea Matthews yana ba da shawarar a yi sannu, Dutch kuwa yana cikin tantinsa da garmaho da littafi. Kusa da tantin akwai akwatin da kowa ke zuba nasa kason da littafin da ake rubuta abin da kowa ya kawo. Idan an samu nasara a kunna wuta a raira waƙa, idan an yi rashi a yi jugum. A kowane sansani Dutch yana maimaita magana ɗaya, cewa yana da shiri, a yi fashi ɗaya na ƙarshe a tara kuɗi a tafi tsibirin Tahiti a yi noma. Kana ji da kunnenka yadda maganar take rage nauyi daga babi zuwa babi, har ta kai mutanen da suke amsawa da murna sun koma kallon ƙasa idan ya fara. A na farko labarin wannan daba kawai ake ba ka daga bakin John, a na biyu kuwa kai ne kake sara itace kana kai buhun hatsi bakin murhu.

A nan ne damuwata ta taso tun kafin in yi nisa. Mu 'yan Zamfara ba a allo muka san gungun masu bindiga da ke zaune a daji ba. Mun san satar shanu, mun san tare hanya, mun san ƙauyukan da aka ɗora wa haraji kafin a bar su su girbe abin da suka noma, kuma da wuya ka samu gidan da bai taɓa shiga tashin hankalin haɗa kuɗin fansa ba, ko nasa ko na maƙwabci. Wasan da zai sa ka ƙaunaci 'yan fashi, ya nuna maka su suna dariya a bakin wuta, dole mutumin nan ya tambaye shi ina waɗanda aka kwace wa dukiyar suke. Da bai amsa wannan tambaya ba, da duk kyawun dajinsa ba zai sa in yabe shi ba.

Amsar tana cikin wani ƙaramin aiki a babi na biyu. Leopold Strauss, mai lissafin dabar, yana ba talakawa bashi da ruwa, Arthur kuma shi ne mai karɓowa. Ya je gonar wani mutum mai suna Thomas Downes ya tarar da shi a lambu, ramamme, yana tari. Mutumin ya ce ba shi da komai, ya roƙi a ƙara masa lokaci, amma wasan bai ba ka hanyar tafiya ka ƙyale shi ba, sai ka dake shi da yatsanka a kan hannun gem. Yana faɗuwa ya yi tari, jini ya fantsama a fuskar Arthur, matarsa Edith ta fito da gudu tana cewa ba shi da lafiya. Arthur ya goge fuska ya hau doki, labari ya ci gaba da fashin jirgin ƙasa da na banki kamar an manta. Sai can gaba Arthur ya yanke jiki ya faɗi a titin birnin Saint Denis, likita ya duba shi ya ce tarin fuka ne, a zamanin da ba a gano maganinsa ba, domin sai a shekarun 1940 aka samu maganin farko mai aiki. Daga nan jikinsa ya fara zubewa a gabanka, idanunsa suka yi ja, abinci ya daina yi masa amfani kamar da.

Abin da ya fi kama ni shi ne haɗuwarsa da iyalin Downes a garin Annesburg. Mijin ya mutu, gonar ta tafi, ɗansu Archie yana aikin haƙar kwal ana wulaƙanta shi, uwar kuma talauci ya jefa ta cikin sayar da mutuncinta. Arthur ya ba su kuɗi su bar garin, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba gafara yake nema ba. Marubutan ba su wanke shi ba, ba su kuma mayar wa matar da mijinta ba. Haka nan suka nuna yadda Dutch ya hura wutar fushin Eagle Flies, ɗan sarkin ƙabilar Wapiti, waɗanda sojoji da mai arzikin man fetur Leviticus Cornwall ke son raba su da ƙasarsu, don kawai hankalin gwamnati ya bar kansa. Ƙorafin mutanen gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki bindiga da sunan taimaka musu kansa yake yi wa aiki, kuma matasansu ne suka mutu. Wanda ya bibiyi rikicin dajinmu ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Na farko bai taɓa zuwa kusa da irin wannan zurfi ba.

Sai dai wasan yana warware wani sashe na abin da ya saƙa. Da zarar ka fita daga labari ka shiga yawo, kana iya tare keken doki ka kashe mai shi, sannan ka je gidan waya ka biya kuɗin da hukuma ta sa a kanka, magana ta ƙare. Ma'aunin mutunci da ke hawa da sauka bisa halinka yana iya dawowa sama idan ka bi titi kana gaishe da mutane. A cikin ayyukan labarin ma Arthur yana zubar da gawarwaki barkatai, babu wanda ake tambayar sunansa, alhali an gina nadamarsa duka a kan mutum ɗaya. Na farko yana da wannan aibi, amma bai yi da'awar da na biyu ya yi ba, don haka aibin bai fito fili haka ba. Ga kuma takurawa: dajin a buɗe yake ka je inda kake so, amma a cikin aiki idan ka kauce daga hanyar da aka shata maka kaɗan sai a ce ka faɗi. Babin tsibirin Guarma kuwa harbi ne kawai ba doki ba sansani, da an cire shi da ba a rasa komai ba.

Batun nauyi shi ne wanda aka fi jayayya a kansa a nan. Komai a wasan a hankali yake tafiya: Arthur yana buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, yana feɗe dabba a gabanka, yana goge bindiga da mai. Ƙanena ya zauna kusa da ni a babin farko muna kutsawa cikin ƙanƙara, can ya nisa ya ce, “Yaya, wai yaushe za a fara wasan?” Ban ga laifinsa ba. A gidajen gem ana biya ne a buga ƙwallo a tashi, kuma babu mai gidan gem da zai kunna janareta don yaro ya yi rabin sa'a yana kamun kifi. Faifai biyu wasan yake zuwa da su a PlayStation 4, yana cin wajen gigabait 100, idan kuma wuta ta ɗauke a tsakiyar dogon aiki sai ka sake shi daga baya. Abin da ya cece shi a wurinmu shi ne labarin ba ya buƙatar intanet, shi ya sa a watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar, yana cikin 'yan abubuwan da suka ci gaba da aiki. Na farko ya fi sauƙin ɗauka da ajiyewa, kuma ga mai ƙarancin wuta da lokaci wannan ba ƙaramin fifiko ba ne.

Duk da haka ina bayan wannan nauyi saboda doki. A na farko ka yi fito doki ya zo, idan ya mutu wani ya maye gurbinsa ba tare da ka damu ba. A na biyu sai ka ciyar da shi, ka goge masa jiki, ka lallashe shi idan ya ji ƙarar bindiga ko ya ga maciji, manyan bindigoginka suna rataye a sirdinsa, kuma idan ya mutu ya tafi ke nan. Shaƙuwar tana ƙaruwa a hankali kamar ta mai barga da dokin da yake kiwo tun daga damina don hawan Sallah. Saboda haka a gudun ƙarshe, lokacin da aka harbe dokin Arthur ya durƙusa ya yi masa godiya alhali abokan gaba na tafe, zafin da mai wasa ke ji ya samo asali ne daga waɗancan sa'o'in da ƙanena ya ƙosa da su. Roger Clark, wanda ya yi muryar Arthur da motsinsa, ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan kwaikwayo a bikin The Game Awards na 2018, duk da cewa God of War ne ya ɗauki kyautar wasan shekara.

Bayan mutuwar Arthur labarin ya tsallaka zuwa 1907, ka koma John Marston. Ya ci bashin banki ya sayi fili a Beecher's Hope, kai da kanka kake buga ƙusoshin gidan, aka kuma kafa bargar da ka san a ƙofarta zai mutu bayan shekara huɗu. Abigail ta roƙe shi ya bar maganar ramuwa, ya ƙi, ya hau dutse ya bi Micah Bell, ɗan dabar da ya sayar da ita ga jami'an kamfanin bincike na Pinkerton, kuma sawun wannan ramuwa Ross ya bi har ya gano gonar. Tunda na farko ya fito a PlayStation 4 da Switch a 2023, ya kuma zo kwamfuta a 2024, matasa da yawa suna tambaya da wanne za su fara. Shawarata su fara da na 2010, ko da hotonsa ya tsufa. Wanda ya fara da na biyu zai ga ginin gidan a matsayin hutu bayan wahala, zai kuma tarar da na farko babu sansani babu hira sai John shi kaɗai a kan hanya, ya yi zaton an rage masa wani abu, alhali a 1911 mafi yawan mutanen sansanin sun mutu ko sun watse, sauran ukun kuma su aka aike shi ya farauto.