Motar James Dean ta yi kwana tara kacal a hannunsa

Jiya da daddare na sake kallon hoton motar nan bayan hatsarin, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ƙarfe ya nannaɗe kamar an murƙushe gwangwanin madara, amma lamba 130 da aka rubuta a jikinta tana nan ana iya karantawa.

Porsche 550 Spyder ce, ƴar ƙarama mara rufi, jikinta na alminiyom, nauyinta bai fi kilo 550 ba, guda 90 kawai kamfanin ya ƙera. James Dean, jarumin fim na Amurka, ya saye ta ranar 21 ga Satumba 1955, ya sa aka rubuta mata suna a baya, Little Bastard, kamar dai kace ƙaramin shege. Lokacin yana da shekara 24, kuma kamfanin Warner ya hana shi tseren mota sai ya gama aikin fim ɗin Giant, to yana gamawa kuwa sai ya nufi tsere a Salinas can jihar Kalifoniya.

Abin da yafi tsaya min a rai shine da farko ba tuƙa ta za'ayi ba, a tirela aka shirya ɗaukarta. Sai aka ga injin sabo ne fil, yana buƙatar ya ɗan ci hanya kafin ranar tsere, shikenan ya hau da kansa, bakanikensa Bajamushe Rolf Wütherich na gefe. Da misalin uku da rabi ɗan sanda ya tare shi kusa da Bakersfield ya rubuta masa takardar tara saboda gudu. Wajen shida saura kwata na yammacin 30 ga Satumba, a wata mararraba kusa da Cholame, wani ɗalibi da ke tuƙa Ford ya karya hagu ya shigo gabansu. Bakaniken ya wuntsila waje ya karairaye amma ya rayu, shi Dean rai yayi halinsa.

Mutane sun fi son labarin cewa motar nada aljanu ko tsinuwa, musamman da yake jarumi Alec Guinness ya bada labari cewa mako ɗaya kafin nan ya ga motar ya roƙe shi kar ya shige ta. Ni dai ban ga aljani a nan ba, mota ce mai ƙasa sosai launin azurfa, ba rufi ba komai, ga yamma ta yi, ta haɗu da ƙatuwar Ford da ta ninka ta nauyi. Ya za'ayi ɗan adam ya fita lafiya?

Cikin manyan fina-finan Dean guda uku, ɗaya tal ya gani ya fito yana raye, East of Eden. Rebel Without a Cause ya fito wata guda bayan rasuwarsa, Giant sai 1956, kuma sau biyu aka sa sunansa a takarar Oscar yana kabari. Wannan yana min ciwo sosai, yaro bai ma ɗanɗani abin da ya shuka ba.

Ragowar gangar motar an yi ta yawo da ita ana nunawa don jan kunnen direbobi, daga baya wajen 1960 ta ɓace. Akwatin giyarta dai ya tsira, a 2021 aka yi gwanjonsa a intanet aka saye shi dala 382,000.